Tambaya da Amsa: Ƙaho zai wanke min huhu daga hayaƙin sigari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni manomi ne daga wani ƙauye a yankin Ringim, shekarata 46, kusan shekara ashirin ke nan ina shan sigari, kara goma a rana wani lokacin har fiye. Bana tunda hunturu ya shigo ko buhun gero na ɗaga sai na tsaya ina haki, ga tari da asuba da majina. Ranar kasuwa na je wanzami ya yi min ƙaho huɗu a gadon baya, jini ya fito baƙi ƙirin, ya ce min wai hayaƙin ne ke fita. Kuma wallahi na ji sakayau kamar na sati guda, sai abin ya dawo. To idan na riƙa yi duk wata huhun zai wanke? Na gode.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ban musa maka ba cewa ka ji sakayau, mai tari kullum naman bayansa da na tsakanin haƙarƙari a ɗaure yake saboda wahalar tarin, to idan aka kafa ƙaho ya ja fata wurin yakan saki, mutum ya ji kamar an sauke masa kaya. Kuma hijama ba abin rainawa ba ce, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi, har ya biya wanda ya yi masa. Amma maganar cewa baƙin jinin nan hayaƙi ne, a nan kam ni da wanzaminka mun raba hanya.

Jinin da ƙaho ke zuƙowa daga ƙananan jijiyoyin fata yake, kuma da ya zauna cikin ƙahon ya daskare dole ya yi duhu. A yi wa liman ɗin garinku da bai taɓa riƙe kara ba, irin wannan jinin za ka gani. Tsakanin fatar baya da huhu akwai nama, akwai ƙashin haƙarƙari, ƙaho ba ya kaiwa can.

Ka duba bangon madafin gidanku yadda hayaƙin itace ya mai da shi, ka sa yatsa ka ga abin da zai maƙale maka, to kusan haka kwaltar sigari ke yi a hanyoyin iska. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo ciwon daji (kansa). A cikin bututun numfashi akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙura zuwa sama, hayaƙi yana kashe musu ƙarfi shi ya sa majinar ke taruwa ka wayi gari kana ta kaki. Can ƙasa kuma akwai 'yan jakunkunan iska da jini ke karɓar iska a cikinsu, waɗannan idan suka yage ba sa dawowa, ba ƙaho ba ko allurar asibiti ba ta ɗinke su. Abin da ake iya yi shi ne a tsare waɗanda suka rage.

Kuma jiki yana saurin yafiya fa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce awa 12 bayan karan ƙarshe gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska ta koma daidai, sati 2 zuwa 12 aikin huhu ya fara gyaruwa, cikin wata 1 zuwa 9 tari da haki su ragu. Satin farko za ka sha fama, ga faɗa ga rashin barci, tarin ma zai iya ƙaruwa don 'yan gashin nan sun farfaɗo suna shara, kar ka tsorata. Ka ƙaurace wa teburin mai shayin da kuka saba kunnawa bayan isha'i, kuma dan Allah kar ka ce za ka koma garin taba ko shisha, duk kanwar ja ce.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka tarin nan ne. Duk tarin da ya wuce sati biyu sai an gwada majina saboda tarin fuka, masu shan sigari sun fi kamuwa da shi, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitin gwamnati. Gobe ma in da hali ka je babban asibitin Ringim, ka faɗa musu gaskiyar kara nawa kake sha, kar ka rage. Idan akwai jini a kaki, ko rama, ko zufar dare, to kar ka kwana biyu. Wataƙila su tura ka Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano a yi hoton ƙirji da gwajin hura iska.

Ƙahon kuwa in za ka sake yi don ciwon baya, ka sayi sabuwar reza a buɗe ta a gabanka, askar da ta bi bayan mutum biyar ranar kasuwa tana iya kawo maka ciwon hanta ko ƙanjamau. Kuma duk wata ya yi yawa ga mai haki, jinin da kake zubarwa shi ne dai ke ɗaukar 'yar iskar da huhun ya samo.