Tambaya da Amsa: Sabuwar Kwamfutata Tana Ɗaukewa Idan Ina Wasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mazaunin Makka, ta wajen Shara Mansur. A watan da ya wuce na haɗa kwamfuta da hannuna bayan na daɗe ina tara kuɗi. Na sa mata katin hoto RTX 3080 na hannu, da firosesa Ryzen 5 5600X, da akwatin wuta mai wat 600 wanda na samu da araha a wani shago a Jidda. Idan karatu nake yi ko kallon bidiyo, takan yini a kunne lafiya lau. Amma da zarar na shiga wasa mai nauyi, bayan minti goma ko ashirin sai ta ɗauke ɗif kamar an yanke wutar gida, ba shuɗin allo, ba wani saƙo, kuma ba ta sake tashi sai na kashe makunnin baya na kunna. Abokina ya ce katin ne ya lalace. Shin in mayar wa wanda ya sayar mini?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri a cikin wannan ƙoƙari naka. Kada ka yi gaggawar mayar da katin, domin yadda ka bayyana mutuwar kwamfutar ya fi nuna akwatin wuta, wato abin da masu shago a nan suke kira fawa saflai. Kwamfuta tana da hanyoyin faɗuwa daban-daban, kuma kowace hanya tana nuna inda ciwon yake. Idan matsalar manhaja ce ko ta ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, galibi wasan ne zai rufe kansa, ko shuɗin allo ya fito, ko na'urar ta sake tashi da kanta. Ɗaukewa ɗif kuwa, har sai an kashe makunnin baya, alama ce ta cewa tsarin kariya da ke cikin akwatin wutar ne ya ga an ja wuta fiye da ƙarfinsa, ya yanke, ya kuma kulle kansa har sai an raba shi da wutar bango.

Bari mu yi lissafi. Kamfanin Nvidia ya ƙayyade cewa RTX 3080 yana cin wat 320, kuma ya ba da shawarar a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 750. Kai kuwa 600 ka ba shi, ga firosesa da fankoki da faifan ajiya duk suna jiran rabonsu. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, katunan wannan zubin ba sa shan wuta a hankali kamar fitila. A lokacin da wasa ya sauya daga wuri mai sauƙi zuwa wuri mai cunkoson hotuna, katin yakan fizgi wuta mai yawa ƙwarai na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan ya koma daidai. Wannan fizga ce take tayar da kariyar akwatin. Matsalar ta shahara har ta kai ga ƙa'idar ATX 3.0, wadda Intel ya fitar a 2022, ta wajabta wa manyan akwatunan wuta su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙaitaccen lokaci. Shi ya sa kallon bidiyo bai taɓa kashe maka ita ba, domin a lokacin katin kusan barci yake yi.

Akwai wani abu kuma da nake so ka duba da idonka. A gefen akwatin wutar akwai takarda a manne mai ɗauke da jadawali. Nemi layin da aka rubuta +12V, ka ga adadin amfiya da ke ƙarƙashinsa, ka ninka shi sau 12. Idan ka ga 40A, alal misali, to wat 480 kawai yake iya bayarwa a layin da katin da firosesa suke sha, ko da an buga 600 da manyan lambobi a jikin kwalin. Haka kuma, akwatuna masu araha sau da yawa ana auna ƙarfinsu ne a yanayi mai sanyi, na digiri 25 ko 30, alhali nagartattu ana auna su a digiri 40 ko 50. Wannan bambanci yana da muhimmanci a garin da zafin bazara yake wuce digiri 40 kamar Makka, musamman idan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kashe yake. Ina ganin wannan ne ya sa take jure minti goma na farko, sannan ta ɗauke bayan cikinta ya ɗumama.

Gwajin da zai raba gardama ba ya buƙatar ko riyal ɗaya. Sauke manhajar MSI Afterburner, ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 70 cikin 100, sannan ka shiga wasan da ya saba kashe ta. Idan ta yi awa biyu ba ta ɗauke ba, to katin yana aiki, wutar ce ba ta ishe shi ba. Kafin ka yi haka, zare filogi daga bango, ka buɗe murfin gefe ka duba wayoyi. Kowace kafa mai fil 8 a jikin katin an tsara ta ne ta ɗauki wat 150, ramin da katin yake zaune a babban allo, wato farantin da ake jona dukkan sassan kwamfuta a kansa, kuma yana ba da 75. Masu haɗa kwamfuta karon farko sukan ɗauki waya ɗaya mai kai biyu su cusa duka kawunan a cikin katin, saboda ta fi kyan gani. Ya fi aminci kowace kafa ta samu tata wayar daga akwatin. Danna kowane kai har ka ji ya yi ƙas, kada ka manta da wayar firosesa mai fil 8 da ke can saman babban allo, wadda hannu ba ya kai mata da sauƙi, kuma sau da yawa akan bar ta rabi a ciki rabi a waje.

Zafi shi ne abin zargi na biyu, kuma duba shi ba wuya. Buɗe manhajar HWiNFO, ka bar ta tana aiki yayin da kake wasa, ka riƙa leƙa ma'aunin. Iyakar 5600X digiri 95 ce, kuma idan ya kusanci nan yakan rage gudu ne tukuna kafin ya kai ga kashe kansa, saboda haka da zafi ne da ka fara jin wasan yana sarƙewa. Idan ka ga ya haura 90 cikin 'yan mintoci, cire masanyayin ka duba ƙasansa, domin akwai siririyar leda da ake mannawa a kan ƙarfen wasu masanyaya, kuma na ga kwamfutoci fiye da ɗaya da aka ɗaure su da ledar a jiki. Tunda katin naka na hannu ne, dubi zafin ƙwaƙwalwarsa ma. Irin wadda ke cikin 3080, wato GDDR6X, tana da zafi a ɗabi'arta, kuma katin yakan rage gudu idan ta kai wajen digiri 110. Ƙurar da ta toshe haƙarƙarin ƙarfen tana ƙara wannan, kuma iskar gwangwani ko abin hura ƙura ya isa ya fitar da ita.

Game da ram, shiga BIOS, wato shafin saitin babban allo, ka kashe XMP, tsarin da ke ƙara wa ram gudu, wanda wasu alluna suke kira DOCP, ka gwada na kwana ɗaya don ka cire shakka. Idan kuma ka buɗe Event Viewer na Windows ka ga Kernel-Power mai lamba 41, kada ya tayar maka da hankali, domin abin da yake faɗa kawai shi ne na'urar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, bai ambaci dalili ba.

Sai wutar ɗakin kanta. Kada ka jona kwamfutar a tausila, wato wayar ƙari mai soket da yawa, mai araha wadda firiji ko butar lantarki suke kai, ka kai ta bango kai tsaye. Wutar Saudiyya a yanzu bolt 230 ce, amma a wasu tsofaffin gidaje har yanzu akan samu soket na 127. Nagartattun akwatuna suna karɓar daga 100 zuwa 240, wasu masu araha kuwa daga 200 zuwa 240 kaɗai aka yi su, kuma wannan ma a rubuce yake a jikin takardar da na ambata.

Shawarata ita ce ka dakatar da wasanni masu nauyi har sai ka warware wannan, domin kowace ɗaukewa tana iya ɓata abin da ake rubutawa a faifan ajiya, kuma akwati mara inganci idan ya ƙone yakan tafi da wasu sassan. Nemi aron mai wat 750 ko 850 daga abokin naka ka gwada, in ya tabbata sai ka sayi naka mai garanti na shekaru, daga kamfanin da aka sani. Alamar 80 Plus da za ka gani a kwali tana magana ne a kan tattalin wuta, ba ita kaɗai ce shaidar inganci ba. Abubuwa biyu kuma nake roƙon ka kiyaye. Idan akwatin irin mai wayoyin cirewa ne, yi amfani da wayoyin da suka zo tare da shi kawai, domin jerin fil ɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani ko da kan ya shiga daidai, kuma wayar wani akwatin tana iya ƙona katin nan take. Sannan kada ka kwance akwatin wuta da niyyar gyara, domin akwai sassa a ciki da suke riƙe caji mai haɗari bayan an zare filogi.

Idan ka sa akwati mai ƙarfi, wayoyi sun zauna, zafi bai wuce ƙima ba, amma ta ci gaba da ɗaukewa, to a nan ne maganar abokinka za ta samu gurbi. Sa katin a kwamfutarsa ku gwada da wasan nan dai, in ya kashe tasa ita ma, ka koma wa mai sayarwa da hujja a hannunka. In kuwa tasa ta tsaya lafiya, sake rubuto mana da lambobin da HWiNFO ya nuna maka da sunan babban allonka, mu duba tare in Allah ya yarda.