Amsa ga Kawu kan tashar kwal da hazon gandun daji a Amurka

Kawu, ka tambaya ko da gaske ne a nan ana tilasta wa tashar lantarki kashe maƙudan kuɗi don kawai jama'a su hango duwatsu. Gaskiya ne, kuma ni ina ganin sun yi daidai.

Hazon nan ba irin namu na hunturu ba ne. Kwal na ɗauke da farar wuta. Idan ya ƙone, iskarta ta bi bututu ta fita, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta rikiɗe zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani. Su ke tsotsar laima su kumbura, su tarwatsa haske. Shi ya sa gabashin ƙasar mai damshi ya fi shan wahala: a gandun Great Smoky Mountains, dutsen da ke gabanka sai ya dushe kamar an watsa masa toka.

A 1977 majalisa ta sa kariyar hangen nesa a cikin dokar tsabtar iska, aka ware wurare 156 na gandun daji. A 1999 hukumar muhalli ta EPA ta fitar da ƙa'idar hazo: kowace jiha ta kawo shiri duk shekara goma, da burin a dawo da sararin asali nan da 2064. Tsofaffin tashoshin 1962 zuwa 1977 aka fara matsa wa.

Maganin shi ne wanke hayaƙi. Ana niƙa farar ƙasa a dama da ruwa, a fesa a doguwar hasumiyar da hayaƙin ke ratsawa, sai ta kama sama da kashi 90 cikin ɗari na iskar farar wutar. Idan haɗin ya kauce, daskararren dutse ya toshe bakin mafesa, aiki ya tsaya. Injin kansa ma yana cin wani abu daga wutar da tashar ke samarwa.

Ba da ido ake awon hazon ba. Duk bayan kwana uku na'ura na zuƙar iska ta matata tsawon awa 24, a kai ɗakin gwaji a raba ƙwayoyin hayaƙin kwal da na gobarar daji da ƙura.

Abin da ke min ciwo shi ne tashar Navajo da ke kusa da gandun Grand Canyon. An sa mata injinan wanki kafin 2000, a 2019 kuma masu ita suka rufe ta saboda gas ya fi araha. Ma'adinin Kayenta da ke ba ta kwal ma ya rufe a shekarar, ƙabilun Navajo da Hopi suka rasa aikin yi da kuɗin shigar da suka dogara da shi shekara da shekaru.