Manhajar jera kaya: ba kowace dabara ake yi wa rajista ba

Malam, ka tambaya ko za ka samu haƙƙin ƙirƙira, wato rajistar da ke hana wasu kwaikwayon abin da ka ƙirƙira, a kan manhajarka mai jera kayan shago da hasashen ciniki. Gaskiya da kamar wuya. Dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 tana son sabon abu, wanda ɗan sana'a ba zai hango da sauƙi ba. Kotun Ƙolin Amurka ma, a shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex ta 2007, ta ce haɗa tsofaffin dabarun da aka san sakamakonsu bai isa ba.

To, wane mai shago ne a Babbar Kasuwar Katsina bai san jawo sukari da dabino gaba ba in azumi ya matso? Kawuna a bayan kwalin taliya yake wannan lissafin! In hanyar lissafinka ce sabuwa, ita za ka kai wa lauya.