Kada ka kulle ɗan kwikwiyon nan don ya yi zafi

Assalamu alaikum. Malam, tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce an ba ka ɗan kwikwiyo mai mako 6, ruwa biyu ne, kana so ya tashi ya riƙa yi maka gadi, amma yana cizon ƙafafun yara, yana kuka da dare, yana ɓata tsakar gida. Ka kuma ce an ba ka shawara ka kulle shi a ɗaki mai duhu kada ya saba da mutane, ka riƙa barbaɗa masa barkono a abinci don ya yi zafi. Don girman Allah kada ka yi. Ni na bi irin wannan shawara a kan karena na farko, kuma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Lokacin muna zaune a Zariya. Na ɗaure shi da sarƙa a bayan gida, gindin darbejiya, ba ya ganin kowa sai mai kai masa abinci, sai an yi sallar isha'i a sake shi. Idan yara suka matso ya yi gurnani, in tsula masa bulala. A hankali ya daina gurnanin, ni kuwa na ɗauka ya yi hankali. Wata rana da azahar ƙugiyar sarƙar ta kwance. Wani almajiri da bai wuce shekara 9 ba ya shigo soro da 'yar robarsa yana bara. Karen nan bai yi haushi ko sau ɗaya ba, sai kawai muka ji ihun yaro, ya kama shi a sha-raɓa. Na ɗauke shi zuwa bakin famfo ina wanke ciwon da sabulu, jikinsa na ta rawa, bai saki robar ba har muka hau mashin zuwa asibiti. Allah Ya taƙaita, ya karɓi alluransa ya warke. Amma tsayuwar da na yi gaban malaminsa ina ba da haƙuri ba na fatan wani ya yi irinta.

Likitan dabbobin da ya duba karen ne ya fahimtar da ni inda na yi kuskure. Gurnani gargaɗi ne, kare yana cewa a matsa, a tsorace yake. Da na riƙa dukansa a kan gargaɗin, sai ya bar yin gargaɗi, tsoron kuwa yana nan a cikinsa yana ƙaruwa. Abin da mutane ke kira zafi a karen da aka kulle, yawancinsa tsoro ne. Irin wannan kare ba ya bambanta ɓarawo da baƙon da ya zo gaisuwa, ko ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo.

Akwai wani ɗan lokaci a rayuwar kare, daga mako 3 zuwa wajen mako 12, da duk abin da ya gani cikin kwanciyar hankali yake karɓarsa a matsayin abin duniya na yau da kullum. Wasu masana biyu a Amurka, Scott da Fuller, sun shafe fiye da shekara 10 suna nazarin 'yan kwikwiyo kafin su fitar da sakamakonsu a 1965, kuma a kan wannan binciken masu horar da karnuka suke tafiya har gobe. Bayan wannan lokaci sabon abu sai ya fi ba shi tsoro. Naka yana mako 6, ke nan saura maka kamar mako 6 masu tsada. Bari ya ga mai babbar riga da mai hijabi, tsoho mai sanda, mai garuwa da kurarsa, akuya da kaji. Ya ji ƙarar janareta da ta adaidaita sahu daga nesa, yana hannunka kana shafa shi. Sai dai kada ka sauke shi a ƙasan titi kafin ya gama rigakafi, saboda cutar nan ta amai da gudawar jini da likitoci ke kira fabo tana daɗewa a ƙasa, kuma tana kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ka rungume shi ka zauna da shi a ƙofar gida da yamma, ya isa.

Na san abin da ke ranka: idan ya saba da kowa, yaya zai yi gadi? Gadi yana zuwa da girma, daga wajen shekara ɗaya zuwa biyu, ba sai an koya masa ba. Dubi karnukan Fulani da na mafarauta. Suna bin shanu suna ratsa gari, ba sarƙa ba keji, amma je ka ruga da tsakar dare ka ji. Karen da ya san yadda gidansa yake a kullum shi ne yake gane abin da ya saɓa. Duna, wanda nake da shi yanzu, yara suna wasa a gabansa yana kwance ko kunne ba ya ɗagawa. Amma haushinsa na dare iri biyu ne, kuma duk gidan mun san su: na mage a kan katanga gajere ne, na mutum a bakin ƙofa mai kauri ne, ba ya tsayawa sai na fito.

Cizon ƙafar yara kuma ba mugunta ba ce. An raba shi da uwarsa da wuri. Kamata ya yi ya kai mako 8 tare da ita da 'yan'uwansa, domin a wasansu ne yake koyon cewa idan ya ciza da ƙarfi ɗan'uwan zai yi ƙara ya bar wasan. Idan inda aka ɗauko shi kusa ne, ka mayar da shi ya ƙara mako 2, ba asara ba ce. Idan ba hali, ku ne za ku koya masa. Yara suna gudu suna ihu, shi kuwa a wurinsa wasa ne ya yi daɗi. Ka ce musu da zarar ya kama ƙafa su tsaya cak kamar icce, su naɗe hannu, kada su kalle shi. Ya saki, a miƙa masa igiya mai kauri ko tsumma da aka ƙulle ya ja. Kada a ba shi tsohon takalmi, don ba zai bambanta shi da sabon da ka ajiye a ƙofar ɗaki ba. Haƙoransa na yanzu 28 ne, za su zube tsakanin wata 4 zuwa 6, manya 42 su fito, lokacin dasashinsa na ƙaiƙayi, taunar za ta ƙaru kafin ta ragu. Kuma a bar shi ya yi barci. Ɗan kwikwiyo yana barcin wajen awa 18 a rana, idan yara suka hana shi sai ya rikice ya yi ta cizo.

Kukan dare kewa ce. Sa shi a kwali da tsumma, in da hali mai ƙamshin uwarsa, a baranda kusa da taga inda zai ji motsinku. Ba sai ya shiga ɗaki ba. Kwana kaɗan zai daina.

Fitsari da kashi, ka zaɓi wuri ɗaya. Ya tashi daga barci, ya gama ci, ya gama wasa, ɗauke shi ka kai shi can ka tsaya. Yana yi ka yaba masa nan take. Wanda ya yi a inda bai dace ba a wanke da kyau a yi shiru. Dangwala masa hanci a ciki ba ya koya masa komai sai ɓuya. Abinci sau 4 a rana a lokuta sanannu, ya ƙoshi a ɗauke kwanon, ta haka za ka san lokacin fitarsa.

Kalma uku nake fara koyarwa: zo, zauna, bari. Minti 5 ya isa, sau biyu ko uku a rana. Ina dafa hanta in yanka ƙanana kamar ƙwayar wake in zuba a aljihu. In ɗaga guda ɗaya saman hancinsa in ja baya kaɗan, yana bin ta da ido gindinsa zai taɓa ƙasa, in ce zauna, in ba shi a take. Saurin nan shi ne sirrin, idan ka yi jinkiri ba zai san abin da aka ba shi lada a kai ba. Duk gidan a yi amfani da kalma ɗaya. Kuma kada ka taɓa kiransa don ka doke shi, ranar da ya fita titi kana ce masa zo ba zai zo ba.

Barkono ba abin da zai ƙara masa sai ciwon ciki. Masu ba kare ƙwaya ko wiwi kuwa zalunci suke yi, dabba ce da za a tambaye mu a kanta. Ka kula da ragowar miya, don albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji, madarar shanu kuma tana sa yawancinsu zawo.

A cikin makon nan ka kai shi wurin likitan dabbobi. Allurar farko tsakanin mako 6 zuwa 8 ake yi, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16, tare da maganin tsutsar ciki da na kaska. Ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara, ka adana katin. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin wannan allurar a nan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a gani.

Tunda akwai yara a gidanka, ka koya musu kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kuma kaɗa bindi ba kullum murna ba ce. Idan ya yi ta hamma ba barci yake ji ba, yana lasar hanci, yana kau da kai, kunnuwa a kwance, bindi a tsakanin ƙafafu, to a takure yake, a ba shi wuri. Mai rarrafe kuwa kada a bar shi da kare su biyu, komai sabonsu. Ka tambayi wanda ya ba ka ko uwar ta karɓi rigakafi, ka faɗa wa likitan idan ka je.