Amino asid in ya yi yawa, me yake yi wa ƙwaƙwalwar ɓera?

Tambaya: Salamu alaikum Dakta, ni ɗaliba ce a nan Katsina, aji uku bayokemistri. An ce mana in amino asid ya yi yawa a jinin ɓera yana taɓa enzayim ɗin ƙwaƙwalwarsa, to ba shi ne ke cikin wake da nama ba? Ya za ai abinci ya koma cuta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba cin wake ne matsalar ba, matsalar sai amino asid guda ɗaya ya rinjayi sauran, ya taɓa enzayim, wato furotin ɗin da ke hanzarta haɗa sinadarai da sarrafa su a jiki. Mu ɗauki fenilalanin tunda shi aka fi gwadawa.

Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge, kuma fenilalanin da ƴan uwansa amino asid biyu, tairosin da triftofan, duk ƙofa ɗaya suke bi su shiga, ana ce mata LAT1. Kin san Ƙofar Ƙaura da yamma in ƴan adaidaita suka cushe, mai mota sai dai ya tsaya yana hon, to haka fenilalanin ke yi in ya cika jini, sauran su rasa hanya. Ga shi da tairosin ake haɗa dofamin, da triftofan ake haɗa serotonin, sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, kinga enzayim biyun da ke wannan aiki, tairosin haidroksiles da triftofan haidroksiles, kayan aikinsu sun ƙaranta, sannan shi kuma fenilalanin ɗin da ya shigo ya zo ya danne su. Har fairubet kaines mai taimakawa a samu ƙarfi daga sukari yana rage masa aiki. Jariran ɓeraye sun fi jigata don lokacin ne jijiyoyinsu ke yin rigarsu ta kitse.

Amma dan Allah ki riƙe wannan, lafiyayyen ɓera hantarsa na juya fenilalanin ya koma tairosin, shi yasa masu bincike sai sun yi masa allurarsa sun haɗa da maganin da ke toshe enzayim ɗin hantar kafin ya taru.

Ana wahalar nan ne saboda yara masu PKU, waɗanda aka haifa enzayim ɗin hantar tasu ba ya aiki. Wani likita a Norway, Asbjørn Følling, ya gano ciwon a 1934 daga fitsarin wasu yara biyu ƴan gida ɗaya. Abin da ke ci mani rai, ɗigon jini daga diddigen jariri ya isa a gane shi a gyara abincinsa tun ƙwaƙwalwa ba ta taɓu ba. In kin sayi lemon kwalba mara suga mai asfatam, wato sinadarin zaƙin da ake sawa a madadin suga, duba jikin robar, sau da yawa za ki ga an rubuta akwai fenilalanin a ciki, don masu PKU aka rubuta.