Me ya sa masu sharhi suka yaba wa albam ɗin Illinois, amma yake gundurar wasu?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga ana kambama albam ɗin Illinois na mawaƙin Amurka Sufjan Stevens, ka kunna, kafin ka kai rabi ka gaji, kana tambaya ko kunnenka ne bai kama ba. Kunnenka lafiya lau. Abin da masu sharhi suka auna daban ne da abin da mai sauraro ke nema.

Albam ɗin ya fito a watan Yuli na 2005 a ƙarƙashin kamfanin waƙoƙi na Asthmatic Kitty, waƙa 22, kusan minti 74, duk a kan jihar Illinois ta Amurka: garuruwanta, tarihinta da mutanenta. Pitchfork, mujallar sharhin waƙoƙi ta intanet, ta ba shi maki 9.2 cikin 10, ta kuma zaɓe shi gwarzon shekara. Mai sharhi yakan zauna ya ji shi daga farko har ƙarshe da rubutattun baitoci a gabansa, don haka ginin gaba ɗaya yake yabo. Masu sauraro da yawa kuwa waƙa biyu suke tsinta, Chicago da Casimir Pulaski Day, su bar sauran.

Inda ake tuntuɓe shi ne guntayen kiɗan da ke tsakanin waƙoƙi. Akwai wanda daƙiƙa 6 ne kacal. Gada ce daga wata waƙa zuwa wata, to idan ka bar manhaja tana cakuɗa jerin, sai su zama hayaniya marar kan gado. Kashe cakuɗawar tukuna. Sannan waƙa ta uku ta fara da kiɗa mai bugu biyar a kowane zagaye maimakon huɗu da kunne ya saba, shi ya sa za ka ji kamar ƙafa na harɗewa. A ji na biyu ko na uku take zama.

Shawarata, raba shi gida biyu. Ji 1 zuwa 10 ka huta, gobe ka ƙarasa. Kafin waƙa ta huɗu ka karanta wane ne John Wayne Gacy, wanda aka yi waƙar a kansa, mutumin da ya kashe samari 33 a yankin Chicago. Idan ba ka san haka ba, taushin muryar zai sa ka ɗauka waƙar lallashi ce, alhali a ƙarshenta mawaƙin kansa yake kwatantawa da makashin. Nan ne ƙarfin albam ɗin yake.

Masu ƙorafin tsawo suna da gaskiya, a ganina. Rabin baya yana ja, ƙaho da amshin taro suna maimaituwa fiye da kima. Wasu kuma sun ji haushi da Stevens ya amsa daga baya cewa alkawarin da ya yi na yi wa jihohin Amurka 50 albam ɗaiɗai dabarar talla ce. Albam ɗin Michigan na 2003 da wannan kaɗai ya yi. Duk da haka waƙoƙin sun daɗe ana ji, har aka mayar da su wasan dandamali mai suna Illinoise a Broadway, cibiyar wasan dandamali ta New York, a 2024.

Kada ka taɓa albam ɗinsa The Avalanche na 2006 yanzu, ragowar waƙoƙin da ba su shiga Illinois ba ne. Sai wannan ya zauna maka.