Amsa: Ta yaya masanin lissafi kamar Bauer ya zama farfesan kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda Friedrich Bauer na Jamus ya koyar da kimiyyar kwamfuta alhali lissafi ya karanta, da kuma ko kai ma za ka iya bin sawunsa.

Ai a lokacin karatunsa fannin bai ma wanzu ba, shi da tsararsa ne suka kafa shi. An haife shi a Regensburg a 1924. Bayan yaƙin duniya na biyu ya karanta lissafi da fiziks a jami'ar LMU ta Munich, ya samu digirin digirgir a 1952. A 1954 ya kammala Habilitation, wani binciken da ke ba mutum izinin zama farfesa a Jamus. Nan ne mutane ke yawan kuskure, su ɗauka da zarar an zama dakta kujera ta samu. Ina!

Ya koyar a Mainz daga 1958, ya koma jami'ar fasaha ta Munich a 1963, har ya yi ritaya a 1989. Kada ka haɗa ta da LMU, jami'o'i biyu ne daban. Shi da abokin aikinsa Klaus Samelson suka fito da dabarar jera bayanai kamar tarin faranti, na ƙarshen shiga shi ne farkon fita, kuma Bauer yana cikin waɗanda suka tsara ALGOL, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta. A ganina wannan ya fi duk muƙamansa nauyi.

Batun naka kuwa, lissafi tushe ne mai ƙarfi, amma yanzu za a duba darussan kwamfuta da ka yi. Rubuta wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar da kake son shiga, ko DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, kafin ka kashe kuɗin fassara takardu.